Sirdi, Linzami ko Kuɗin Malami: Ina Sabon Mahayi Zai Fara Zuba Kuɗinsa?

Duk wanda sha'awar hawan doki ta kama, abin da ke fara ɗaukar idonsa sirdi ne. Ƙamshin sabuwar fata, ɗinkin da ya zauna daram, likkafa tana ɗaukar ido. Ni ma haka ta faru da ni. Ban cika wata biyu da fara koyo ba na tattara abin da ke hannuna na sayi sirdi, alhali ko igiyar doki ban mallaka ba. Da na kai shi inda nake koyo, malamina ya ɗora shi a bayan dawaki uku, ɗaya bayan ɗaya, babu shimfiɗa, yana zura tafin hannunsa ta ƙarƙashi. A kan na farko ya danne ƙashin kafaɗa. A kan na biyu yana lilo gaba da baya. A kan na uku ya zarce haƙarƙari ya hau kan ƙugu. Ya sauke ya miƙo mini, ya ce, "Sirdin nan lafiyarsa ƙalau, sai dai dokinsa ba ya cikin bargar nan." Kuɗin da na zuba a wannan sirdi da sun ishe ni darasin watanni.

Tun daga ranar nake raba kayan hawa gida biyu. Akwai kayan da ake auna su a jikin mutum, wato hular kwano da takalmi. Akwai kuma waɗanda ake auna su a jikin doki: sirdi, linzami, majayi. Na farkon naka ne tun ranar da ka fara. Na biyun kuwa ba su da amfani a hannunka sai ranar da aka ce ga dokin da za ka riƙa hawa kullum. A tsakanin nan, kuɗinka na malami ne.

Abin da kake biya idan ka biya kuɗin darasi

Mutane da yawa idan suka ji kuɗin awa ɗaya sai su ja baya, suna ganin an tsawwala. Dalili kuwa suna lissafin awa ɗayar ce kaɗai, sun manta doki yana cin abinci ko an hau shi ko ba a hau ba. Doki mai nauyin kilo 500 yana buƙatar busasshiyar ciyawa kimanin kilo 10 a kowace rana, wato kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ban da hatsi idan yana aiki. Yana shan ruwa lita 25 zuwa 40, fiye da haka idan ana zafi. Kofato yana tsiro kamar farce, dole a gyara shi duk bayan mako shida zuwa takwas. Haƙoransa suna yin kaifi ta gefe, sai an duba su a ƙalla sau ɗaya a shekara. Ga allurar rigakafi, ga maganin tsutsar ciki, ga albashin masu sharar barga, ga inshora, ga gyaran filin da ake hawa. Sannan dokin makaranta ba inji ba ne. A wurin da ake tausayin dabba, awa biyu zuwa uku yake yi a yini, kuma yana da ranar hutu. Wannan ɗan lokacin ne zai ɗauki nauyin sauran awowin duka.

Shi ya sa idan na ga darasi ya yi araha fiye da kima, tambayar da nake fara yi ita ce: wa ke biyan ragowar? Galibi dokin ne yake biya, da bayansa da cikinsa. Ko dai an rage masa abinci, ko ana hawansa daga safe har magariba, ko an bar kofatonsa ya tsage. Dokin da ya gaji kuma yake jin ciwo shi ne wanda zai yi maka tutsu ranar da ba ka zata ba.

Darasi iri uku za ka fi tararwa, kuma kowanne da lokacin da ya dace da shi.

Darasin kai kaɗai da malami shi ne mafi tsada, yawanci minti 30 zuwa 45. Kada gajartar ta sa ka ga kamar an cuce ka. Rabin awa da idon malami a kanka ba ƙyaftawa aiki ne mai yawa, sabon mahayi zai sauko cinyoyinsa suna rawa. Darasin rukuni kuwa ya fi sauƙin kuɗi, yakan kai awa guda, amma yi lissafi da kanka: idan ku shida ne, rabonka daga hankalin malami minti goma ne. Sauran lokacin kana bin bayan dokin gaba, kuma dokin makaranta ya san wannan sarai. Idan na gaba ya yi sassarfa shi ma zai yi, idan ya tsaya shi ma ya tsaya, kai kuma kana murna kana cewa kai ka sarrafa shi. Na san waɗanda suka shekara a rukuni, ranar da aka ce su fita daga layi su juya doki su kaɗai sai abin ya gagara. Ba na cewa rukuni ba shi da amfani. A nan ake koyon barin tazara tsakanin dawaki, a nan ake ganin kuskuren wani a gyara nasa, kuma a nan ake samun awowi masu yawa a kan sirdi da kuɗi kaɗan. Amfaninsa dai yana zuwa ne bayan mutum ya iya tsayar da doki, ya iya juya shi, ya iya tashi da zama a sassarfa ba tare da ya rataya a linzami ba. Akwai kuma tsaka-tsaki, mutum biyu ko uku da malami ɗaya, wanda a ganina shi ne ya fi biyan kuɗin sabulu ga wanda ya wuce matakin farko.

Na ukun shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi na fi so a fara da shi: darasin doguwar igiya. Malami yana tsaye a tsakiya riƙe da igiya mai tsawon mita takwas ko fiye, doki yana zagaya shi, kai kana sama ba ruwanka da tuƙi. Wani lokaci a karɓe igiyar linzami daga hannunka, wani lokaci a ce ka zare ƙafa daga likkafa. Ba abin da ya rage maka sai zama. Makarantar hawan doki ta Sifaniya da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wadda ta shafe fiye da shekara 400 tana horar da mahaya, har yau a kan doguwar igiya take fara ɗora ɗalibanta, su daɗe a haka kafin a damƙa musu linzami. Idan waɗanda hawa ne sana'arsu suna bin wannan hanya, mai zuwa sau ɗaya a mako bai kamata ya ji kunyarta ba. Minti 20 zuwa 30 ya isa, domin zagaye yana gajiyar da gaɓoɓin doki.

Da ni ne mai farawa yau, zan sa darasi biyar zuwa goma na farko su zama ni kaɗai, mafi yawansu a kan igiya, sannan in shiga ƙaramin rukuni, ina komawa wurin malami ni kaɗai sau ɗaya a wata domin ya kankare miyagun ɗabi'un da suka fara kama ni. Wannan tsari ya fi tsada a watan farko, amma ya fi araha a shekara, saboda gyaran zaman da ya karkace ya fi koyonsa daga tushe cin lokaci.

Kafin ka biya, tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa. A wani wurin awa ɗaya tana nufin awa ɗaya a kan doki. A wani wurin kuma har da kamo shi, da goge shi, da ɗaura sirdi, sai ka ga hawan kansa bai wuce minti 40 ba. Wannan ba cuta ba ce, hasali ma wanda bai iya ɗaura sirdi da duba kofato ba bai gama zama mahayi ba, amma ya kamata ka sani domin ka kwatanta wuri da wuri bisa adalci. Tambayi ko ana aron hula, ko akwai kuɗin rajista, ko akwai rangwame ga wanda ya biya darasi goma a dunƙule, da kuma wa'adin da za su ƙare. Tambayi dokar fashi: makarantu da yawa suna riƙe kuɗin idan ba ka sanar da su kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci ba. Ka sa kuɗin mota a lissafi. Wuri mai ɗan tsada da ke kusa, wanda za ka iya zuwa kowane mako, ya fi mai araha da ke nesa wanda za ka riƙa tsallake shi. Jiki yana manta hawa da wuri. Rabin awa sau biyu a mako ya fi awa biyu sau ɗaya a wata nesa ba kusa ba.

Game da malami, takardar shaida tana da daraja. A Birtaniya ƙungiyar harkokin dawaki ta BHS, wadda aka kafa a 1947, tana da matakan jarrabawa ga masu koyarwa, kuma a Ingila duk mai ba da dawaki haya domin koyo sai ya sami lasisi daga ƙaramar hukuma bayan an duba dawakinsa. A Faransa ɗalibi yana hawa matakai bakwai da ake kira Galop, kowanne da abin da ake so ya iya. A Amurka akwai ƙungiyar CHA da ke tantance malaman hawa. Amma a ƙasashe da dama kowa na iya kafa allo ya ce shi malami ne, don haka idonka ne babban alƙali. Je ka kalli darasi ɗaya kafin ka biya. Dubi dawakin: haƙarƙari a waje ko a rufe? Akwai miki a baya ko a inda majayi ke bi? Bokitin ruwa a cike yake? Saurari malamin. Yana gaya wa ɗalibi dalilin abin da ya ce ya yi, ko tsawa kawai yake dakawa? Yana duba majayi da hannunsa kafin yaro ya hau? Idan wayarsa ce a hannunsa rabin darasin, nemi wani wuri. Kuma idan suka tambaye ka nauyinka, kada ka ji haushi, alama ce mai kyau. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mahayi da sirdinsa su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, wato kilo 90 ga doki mai kilo 450.

Abu biyu da za ka saya tun yanzu

Hular kwano ce farko, kuma a nan ba na sassautawa. Kan mahayi yana da nisan fiye da mita biyu daga ƙasa, a kan dabbar da takardar leda za ta iya firgita ta. A 2010 Courtney King-Dye, 'yar Amurka da ta wakilci ƙasarta a gasar Olamfik, tana hawa ba hula, dokin ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita, ta sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ta shafe makonni ba ta farfaɗo ba. Ba sukuwa take yi ba, ba tsalle ba. Daga 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta wajabta hular kwano har ga masu gasar horon taku, wato gasar nuna ladabin doki da tsarin takunsa, waɗanda a da doguwar hular ado suke sawa.

Abin dubawa a hula shi ne tambarin gwaji da ke cikinta: ASTM F1163 tare da SEI, ko PAS 015, ko EN 1384, ko Snell. Hular keke ba ta maye gurbinta, domin an gwada ta ne a kan wata irin faɗuwa dabam. Tsada kuma ba ita ce kariya ba. A 2022 jami'ar Virginia Tech ta gwada hulunan hawa masu yawa, aka ga wasu masu araha sun sha gaban waɗanda suka ninka su kuɗi. Sau da yawa ƙarin kuɗin na ado ne da iska da rashin nauyi. Hular ta zauna daidai a goshi, ɗan sama da gira, idan ka girgiza kai ba tare da ka ɗaure maɗauri ba kada ta yi rawa. Kada ka sayi ta hannu, ko da kyauta aka ba ka. Soson da ke ciki sau ɗaya yake aikinsa, yana murƙushewa ya shanye bugu, kuma daga waje ba za ka gane ya riga ya murƙushe ba. Idan ka faɗi kanka ya bugu, hular ta gama aiki. Ko ba ka faɗi ba, masu ƙera ta sukan ce a sauya bayan kimanin shekara biyar.

Takalmi kuwa sharaɗinsa biyu: dunduniya mai tudun kamar santimita biyu zuwa uku, da tafi mai santsi. Dunduniyar ce ke hana ƙafa zarcewa cikin likkafa, santsin kuma shi ke barinta ta fita idan an faɗi. Babu abin da mahaya ke tsoro kamar doki ya ja mutum a ƙasa ƙafarsa na maƙale. Gajeren takalmi mai kama idon sawu, da abin naɗe ƙwauri, ya wadatar. Dogon takalmin fata sai daga baya. Wando mara kaurin ɗinki ta ciki da safar hannu mai araha sun cike kayan. Rigar kare ƙirji sai lokacin da aka fara tsalle, a nemi mai tambarin gwaji na BETA mataki na 3.

Ranar da doki ya samu

Ko ka saya, ko ka ɗauki haya na watanni, ko kun yi tarayya da wani, yanzu maganar sirdi ta taso. Manyan iri biyu ne suka cika kasuwar duniya: sirdin Ingila da sirdin kaboyi.

Sirdin kaboyi ya samo asali daga makiyayan shanu na Meziko da yammacin Amurka, mutanen da ke wuni a bayan doki. Shi ya sa yake da faɗi, yana baza nauyin mahayi a wuri mai yawa, mazauninsa mai zurfi, likkafarsa mai faɗi, ga ƙaho a goshinsa wanda aka yi domin ɗaure igiyar kamun saniya. Sabon mahayi yakan ji kwanciyar hankali a cikinsa. Amma yana da nauyi, sau da yawa kilo 12 zuwa 18, kuma ɗaga shi zuwa bayan dogon doki kullum ba wasa ba ne. Fatar da ke tsakaninka da doki tana da kauri, ba ka jin motsinsa sosai. Ba a tsallake shinge da shi, domin idan ka sunkuya gaba ƙahon yana jiran cikinka. Ƙahon nan kuma yana koya wa mutum riƙo, maimakon ya koyi zama.

Sirdin Ingila bai cika wuce kilo 5 zuwa 8 ba. Ba shi da abin riƙewa, ƙafarka tana manne da haƙarƙarin doki, kana jin numfashinsa. Da farko za ka ji kamar an ɗora ka a kan faranti, amma wannan rashin majingina shi ke tilasta jiki ya nemo daidaitonsa. Shi ma kashi-kashi ne. Na tsalle yana da fiffike, wato fatar gefe da ƙafa ke kwanciya a kai, da ya karkata gaba domin gajeriyar likkafa, salon da ya biyo bayan koyarwar Federico Caprilli, hafsan sojan doki na Italiya da ya rasu a 1907, wanda ya nuna cewa mahayi ya kamata ya bi doki gaba a kan shinge maimakon ya jingina baya. Na horon taku yana da zurfi da dogon fiffike madaidaici. Akwai kuma na gama-gari da ke tsakaninsu, kuma ga wanda bai riga ya zaɓi fanni ba, shi ne zaɓin hankali. Mai niyyar doguwar tafiya a daji zai iya duba sirdin makiyayan Ostareliya, mai tudu biyu da ke tare cinya amma galibi ba ƙaho, ko sirdin tseren dogon zango mai sauƙin nauyi.

Wanne ya fi? A ganina wanda ya koyi zama a sirdin Ingila yana komawa na kaboyi cikin kwana ɗaya, amma akasin haka yana ɗaukar lokaci. Idan burinka yawo ne na awowi a hankali, na kaboyi zai yi maka daɗi, ya yi wa doki daɗi. Idan kana hangen tsalle ko gasa, na Ingila. Ka lura da awo kuma: ba iri ɗaya ake auna su ba. Wanda ke zama a inci 17 na Ingila, kusan inci 15 zai nema a na kaboyi.

Duk wannan ƙaramar magana ce idan aka kwatanta da zaman sirdi a bayan doki. A cikin kowane sirdi akwai ƙashi, na itace da ƙarfe ko na roba mai tauri, kuma faɗinsa da lanƙwasarsa dole su dace da bayan wannan doki, ba wani ba. Ɗora shi babu shimfiɗa. Tsakanin goshin sirdi da tudun kafaɗa yatsu biyu zuwa uku su shiga, har bayan mutum ya hau. Ka leƙa ta baya, ka ga haske ya ratsa ramin tsakiya, domin ko kaɗan kada sirdi ya taɓa ƙashin baya. Ya zauna a bayan allon kafaɗa, kada ya hau kansa. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma nauyin sirdin Ingila bai kamata ya wuce na ƙarshe ba, saboda daga nan babu abin da ke tallafe bayan. Zura tafin hannu daga gaba zuwa baya ta ƙarƙashi: matsin ya zama ɗaya, ba wurin da ya cije, ba wurin da ya bar rami.

Bayan an hau an sauko, doki da kansa zai ba ka labari. Cire sirdi ka dubi gumi. Idan ko'ina ya jiƙe daidai, madalla. Idan ka ga ɗan busasshen wuri kamar tafin yaro a tsakiyar jiƙa, ko gashi ya murɗe, can ne ake cizonsa. Farin gashi da ya tsiro a gefen kafaɗar doki mai duhun launi tabon tsohon matsi ne. Dokin da ke kwantar da kunne ko kai cizo idan ya ga an nufo shi da sirdi, ko yake lotsa baya idan an hau, sau da yawa ba mugun hali ba ne, ciwo ne. Mutane sukan ƙara bulala ko su sauya linzami, a bar jaki ana dukan taiki. Kuma kada a yi zaton shimfiɗa mai kauri za ta gyara sirdin da ya matse. Wanda takalmi ya matse shi, ƙarin safa ƙarin azaba ne.

Bayan doki yana sauyawa da ƙiba da rama da aiki da shekaru, don haka a sake dubawa kamar sau biyu a shekara. A nan ne abin da aka cusa a matashin sirdi, wato ɓangaren ƙasa mai laushi da ke kwanciya a bayan doki, yake da muhimmanci. Na gashin tumaki ana iya buɗe shi a ƙara ko a rage. Na soso ba ya son gyara, idan bai dace ba sai dai a nemi dabara da shimfiɗa ko a sauya. Idan akwai ƙwararren mai auna sirdi inda kake, kuɗinsa na cikin kuɗin da ba a nadamarsu. A Birtaniya har ƙungiya gare su mai ba su shaida.

Fata ko roba? Fata mai kyau tana shekara ashirin ko fiye idan ana goge ta ana shafa mata mai, tana laushi da amfani, kuma tana riƙe darajarta idan za a sayar. Amma tana son hidima: danshi yana sa ta fumfuna, zafi da bushewa suna fasa ta. Na roba, irin su Wintec, ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, ruwa da tsumma sun ishe shi, kuma da yawansu ana iya sauya ƙarfen goshinsu a faɗaɗa ko a matse. Sai dai wannan ƙarfen faɗin gaba kaɗai yake gyarawa, ba ya sauya lanƙwasar ƙashin. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne na uku: sabon sirdin fata mai arahar banza, wanda ake haɗawa da linzami da likkafa a sayar a dunƙule ta intanet. Fatarsa kamar kwali, ƙashinsa wani lokaci a karkace tun daga masana'anta. Cinikin biri a sama ke nan. Da wannan gara na roba daga kamfanin da aka sani, ko tsohon sirdin fata na ƙwarai.

Idan na hannu za ka saya, gwada ƙashinsa. Tokare goshin a cinyarka, ka kama ƙeyar ka ja ta zuwa jikinka. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, amma idan ka ji ƙara, ko fatar mazauni ta tattare sosai, ƙashin ya karye, kuma karyayyen ƙashi yana lalata bayan doki. Dubi igiyoyin da majayi ke kamawa, ka lanƙwasa su ka ga ko sun tsattsage. Roƙi a ba ka kwanaki ka gwada a kan dokinka kafin ciniki ya faɗa.

Linzami

Tsakanin haƙoran gaba da turamen doki akwai fili babu haƙori, dasashi ne kawai a kan ƙashi. A nan ƙarfe yake zama, kuma wurin yana da saurin jin zafi. Linzami mai zobe, wanda igiya ke kama zoben da ke gefen baki kai tsaye, yana isar da daidai ƙarfin da hannunka ya ja. Linzami mai ƙafa kuwa, wanda ke da sanda a kowane gefe da sarƙa a ƙarƙashin haɓa, yana ninka jan, yana matse haɓa da ƙeya a lokaci guda. Iya tsawon ƙafar, iya ninkin. A hannun gwani wannan yana ba da damar magana da doki da motsin yatsa. A hannun wanda har yanzu yake neman daidaitonsa da igiya, azaba ce a kowane taku. Saboda haka sabon mahayi ya tsaya a mai zobe. Mai gaɓa biyu da ɗan ƙarfe a tsakiya yakan fi kwanciya a kan harshe fiye da mai gaɓa ɗaya, ko da yake akwai dawakin da suka fi son akasin haka. Faɗin da aka fi samu inci 5 zuwa 5 da rabi ne, ya ɗan fito kaɗan a kowane gefe ba tare da ya tsunkuli leɓe ba. Maɗaurin hanci kuma yatsu biyu su shiga tsakaninsa da karan hanci.

Idan doki yana jan hannu ko yana wurga kai, kafin a sayi ƙarfe mai tsanani a kira likitan dabbobi ya duba haƙora, sannan a sa malami ya dubi hannun mahayin. Akwai kuma marasa ƙarfe, masu aiki a kan hanci. Wasu dawakin suna samun sauƙi da su, amma kada a ɗauka duk mara ƙarfe mai taushi ne: wanda ke da dogayen sanduna yana iya yi wa karan hanci illa.

Majayi a zaɓi mai laushi da ba ya tara datti, a ɗaure shi sannu a hankali, rami ɗaya bayan ɗaya, a ɗan taka da dokin sannan a ƙara. Likkafa ta fi takalminka faɗi da kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowane gefe, kuma ga yara da masu koyo akwai mai buɗewa ta gefe idan an faɗi. Igiyar likkafa ta hagu tana saurin miƙewa saboda ta nan ake hawa, don haka a riƙa musanya su lokaci-lokaci. Duk sanda kake goge su, ja ɗinkin da ke kusa da ƙarfen ɗauri da ƙarfi ka gani. Idan zare ɗaya ya fara sakewa, kai wa baduku kafin hawa na gaba.